Jarin Dala Ɗari Da Ashirin

Duk wanda ya tashi a gidan 'yan kasuwa ya san bambancin riba da uwar kuɗi. Riba ita ake ci, a yi cefane, a ɗinka wa yara kayan sallah. Uwa kuwa ba a taɓa ta ko da za a kwana da yunwa, domin ran da ka fara gutsurar uwa, to ka kama hanyar karyewa. Na sha jin wannan magana tun ina yaro har ta gundure ni, amma mutumin da na ga ya riƙe ta da gaske, ba sani ba sabo, ɗan caca ne, kuma ko kalma ɗaya ta Hausa bai iya ba.

Kafin wani ya ce uffan, bari in share fage. Ni ban taɓa zuba ko kwabo a caca ba, hukuncinta kuma a addininmu ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90. Abin da zan ba ku labarinsa abu ne da na kalla da idona tsawon shekara biyu, daga farkon 2012 zuwa ƙarshen 2013, a wani gidan haya da ke gabashin Landan, inda mu biyar muke raba kicin ɗaya da banɗaki ɗaya.

Mutumin nawa ɗan ƙasar Romaniya ne, ɗakinsa na jikin nawa. Ya karanta lissafi a ƙasarsu, amma a Landan fenti yake yi a wuraren gini, saboda a lokacin Birtaniya ba ta sakar wa 'yan Romaniya da Bulgeriya mara wajen neman aiki ba, sai dai yawancinsu su yi rajista a matsayin masu aikin kansu, yau a samu gobe a rasa. Yana da tsohuwa da 'ya ɗaya a gida, duk ƙarshen wata sai ya aika musu. Da daddare kuma, kamar sau huɗu a mako, sai ya ɗauko wata tsohuwar kwamfutarsa ya ɗora kan teburin kicin, ya haɗa shayi, ya shiga gasar foka ta intanet. Ni kuma a nan nake karatuna don ɗakina sanyi gare shi, shi ya sa na zama ɗan kallo ba tare da na nema ba.

Foka dai wasan karta ne, da kati 52. Irin wanda ya fi yaɗuwa, ana ba kowa kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya sannu a hankali, kowa ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin. A gasa, kowa zai biya kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi kwabban wasa daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Haka za a yi ta zubar da mutane har a bar mutum ɗaya. Kuɗin shigar nan akwai abin lura a cikinsa. In ka ga an rubuta dala 1.10, to dala ɗaya ce ke shiga asusun da za a raba, santi goma ɗin nan la'adar masu shafin ce, ka ci ko a cinye ka, su sun riga sun karɓi nasu. Sannan ba kowa ake biya ba. Galibi kamar kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu, mafi yawansu ma ɗan abin da bai wuce ninki biyu na kuɗin shigarsu ba. Kitsen yana can wurin mutum uku ko huɗun farko.

To shi da dala 120 ya fara, ya kuma kafa wa kansa doka ya rubuta a bangon wani littafi mai baƙar fata: ba zai shiga gasar da kuɗinta ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jarinsa ba. Wato sai yana da kuɗin shiga sau ɗari a ajiye. Da dala 120, iyakarsa gasar dala 1.10. Sai jarin ya kai 220 zai leƙa ta 2.20, sai ya kai 330 zai taɓa ta 3.30, haka har zuwa ta 5.50. In kuwa jari ya yi ƙasa, shi ma ya sauko, babu jayayya. Doka ta biyu, kuɗin fenti ba sa shiga wannan asusu, ko sau ɗaya.

Ranar da na fara ganin littafin dariya na yi. Na ce, ɗan'uwa, ninki ɗari? Ko mai sayar da ƙwai a kan keke ai ba ya wannan tsoron. Bai yi fushi ba, sai ya jawo takarda, irin ta masu lissafi. Ya ce in ɗauka mutum yana shiga sahun waɗanda ake biya sau 15 cikin 100. Damar ya buga gasa goma a jere bai ga ko santi ba ta kusa ɗaya cikin biyar. Damar ya buga ashirin a jere hannu rabbana kuwa kusan huɗu ce cikin ɗari, wanda kuma ke buga ɗaruruwan gasa a shekara, lallai wannan fari zai same shi, ba sau ɗaya ba ma. Ya ƙara da wani misalin da har yau ban manta ba. Hannun da ya fi kowanne a farkon rabo shi ne a ba ka kati biyu masu harafin A, abin da ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221. In ka zuba duk abin da ke gabanka da su, abokin karawarka kuma yana riƙe da ƙananan tagwaye, kai ne da nasara kamar sau 80 cikin 100. Kyakkyawan ciniki ke nan. Amma kafin ka kai teburin ƙarshe a gasar mutum dubu, sai ka tsallake irin wannan karo sau da yawa, kuma tsallake biyar a jere, ko da kullum kai ne a sama, damarsa ba ta kai ɗaya cikin uku ba. Wato ka yi komai daidai, sau biyu cikin uku a kore ka. Ninki ɗarin nan, in ji shi, rumbu ne na shekarar fari.

Abin da ya ja shi cikin harkar, kamar dubban samarin Turai, labarin wani akawu ne ɗan jihar Tennessee ta Amurka, mai suna Chris Moneymaker (sunansa ne na gaskiya, ma'anarsa kuma mai yin kuɗi, ka ji ikon Allah). A 2003 ya shiga gasar share fage ta dala 86 a shafin PokerStars, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas, ya doke sauran cikin mutum 839, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Shekara uku bayan nan, a 2006, mutum 8,773 ne suka shiga wannan gasa. Kowa ya hango kitse. Amma mutumina ba Moneymaker yake yawan ambata ba. Ya fi kawo zancen Stu Ungar, wanda ya ci gasar duniyar har sau uku, 1980 da 1981 da 1997, masana wasan da yawa na ganin ba a yi gwani kamarsa ba, amma a 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas, miliyoyin duk sun bi ruwa. Sai kuma Archie Karas, Bagirke, wanda ya shiga Las Vegas a 1992 da dala 50, ya tara abin da aka ƙiyasta ya kai miliyan 40, ya kuma zubar da su kaf a 1995. Yakan ce waɗannan sun fi shi iya wasa nesa ba kusa ba, abin da kawai ya fi su shi ne littafi.

Hawa ba shi da wuya, kowa na son a ce ya ci gaba. Saukowa ce ke nuna namiji. Wajen watan Afrilun 2013 jarinsa ya haura dala 700, yana buga ta 5.50, har ya fara fito yana wanke kofi. Daga nan fari ya sauka. Wata biyu cur ba ya ganin komai sai kora, ya sauko ta 3.30, ya sake saukowa ta 2.20, wurin da ya baro tun bara. Ban san ko mai karatu ya taɓa ganin mutumin da ya saba sayen buhu ya koma awo da kwano ba. Babu wanda ya san shi a intanet ɗin nan, suna ne kawai na bogi a kan allo, amma duk da haka kunyar saukowar tana cin sa kamar a gaban surukai.

A tsakiyar wannan yanayi ne wata safiya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya miƙo mini katin bankinsa. Ya ce in ajiye, kada in ba shi sai ranar biyan haya ko ranar aika kuɗi gida, ko da zai roƙe ni, ko da zai zage ni. Na karɓa, don ban ga laifin taya mutum tsare abincin 'yarsa ba. Kwana tara bayan nan, daren Lahadi wajen ƙarfe ɗaya, ya dawo. Idonsa ya yi ja, an kore shi daf da shiga sahun kuɗi sau uku a dare ɗaya. Ya ce akwai gasar dala 55 da za a rufe shigarta nan da minti ashirin, ya san yadda 'yan cikinta ke wasa, ci ɗaya zai mayar masa da komai.

Na ce, "Jarinka nawa ne yanzu?"

Ya ce, "Ɗari biyu da casa'in."

Na ce, "To littafinka ya yarda?"

Ya ce kuɗinsa ne, guminsa ne, ni wane ne. Gaskiyarsa kuwa, kuɗinsa ne. Na tsaya a bakin ƙofa gabana na faɗuwa, don ya fi ni ƙarfi, kuma ba na son rigima a gidan da mai shi ke neman dalilin korar mutane. Na ce masa wanda ya ba ni amanar nan da safe ya ba ni, in yana so ya dawo da safe ya karɓa. Ya faɗi wata kalma da yarensu wadda ban nemi fassararta ba, ya buga ƙofarsa. Abin da ya ba ni mamaki, yana iya cire dala 55 ɗin daga cikin 290 da ke asusun wasan, babu mai hana shi. Bai cire ba. Kamar dai a ransa taɓa kuɗin 'yarsa ya fi masa sauƙi a kan ya ɓata lissafin littafin, wannan kuwa ya tsorata ni fiye da zagin. Kwana uku ba ya gaishe ni, a na huɗu na tarar da leda cike da lemo a rataye a ƙofata. Shekaru bayan nan, a Afrilun 2020, hukumar kula da caca ta Birtaniya ta haramta zuba kuɗin caca da katin bashi, da na ji labarin sai daren nan ya faɗo mini.

Akwai kuma haɗarin da ninki ɗari ba ya maganinsa, wato wanda ke riƙe maka kuɗin. Dokar tasa asalinta ya tsinto ta ne daga Chris Ferguson, zakaran duniya na 2000, mai digirin dakta a ilmin kwamfuta, wanda ya fara daga sifili a gasannin kyauta na shafin Full Tilt a 2006, ya kai dala 10,000 a 2007, bisa sharaɗin ba ya zuba fiye da kashi biyu cikin ɗari na jarinsa a babbar gasa. To ran 15 ga Afrilun 2011 gwamnatin Amurka ta ƙwace adireshin manyan shafukan foka uku, ciki har da Full Tilt ɗin. A watan Satumba masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin, wanda Ferguson ke cikin daraktocinsa, 'yan wasa na bin sa kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Ferguson ya sasanta da gwamnati a 2013 ba tare da ya amsa laifi ba, kuɗin mutane kuma sai da PokerStars ta sayi kamfanin a 2012 aka fara maganar biyansu. Mutane sun yi shekaru suna tattalin santi-santi bisa koyarwar malamin, ashe rumbun ne ke yoyo. Saboda haka mutumina, da jarinsa ya farfaɗo, ba ya barin fiye da rabi a shafin, sauran ya ware musu wani asusu daban.

Ya farfaɗo ɗin kuwa. A Oktoba ya zo na biyu a wata gasar dala 3.30, daga nan abubuwa suka miƙe, zuwa Disamba jarin ya kai dala 1,150. Ranar da ya nuna mini, na yi ta jujjuya littafin, kwanan wata, kuɗin shiga, matsayin da ya ƙare, abin da ya samu, har da lokacin farawa da na tashi, tsaf kamar littafin banki. Na tambaye shi ko ya taɓa tara awoyin. Ya yi shiru, ya ɗauko biro. Ya kai rabin awa yana tarawa, ni ina soya ƙwai. Awa 1,400 da 'yan kai. Ribar dala 1,030 in ka raba ta, santi 74 ke nan a awa, bai kai rabin fam ba, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a Birtaniya yake fam 6.31 a awa. Kuma wannan sakamakon wanda ya iya ne, ya kuma riƙe kansa, domin la'adar da ake cira a kowace gasa ta tabbatar da cewa in aka haɗa 'yan wasa gaba ɗaya, asara suke yi.

Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya yi dariya ya ce ko ba komai bai biya kuɗin sinima ba shekara biyu. Ran 1 ga Janairun 2014 aka ɗage wa 'yan ƙasarsu takunkumin aiki, kafin watan ya ƙare ya samu aikin dare a wani katafaren sito. Ya cire dala dubu ya aika gida, ya bar 150. Daga nan sai ranar Lahadi kawai nake ganin sa a teburin kicin, ya koma gasar dala 1.10, kamar yadda bangon littafin ya ce.