Kukan da Ke Ƙarshen Kaset

A hutun damina na shekarar 1989 yayana ya iso Dogon Kiriya daga Yamai da wani kwali ɗaure da igiya. Kuku ne a gidan wani Anasara malamin makaranta. Da wa'adin maigidan ya cika zai koma Faransa, sai ya bar masa tarkacen da bai kai a biya masa kuɗin jirgi ba: tsofaffin mujallu, takalman yara, fitilar hannu, da kaset-kaset kamar goma sha biyar. Wanda bai ga wancan zamani ba zai yi wuya ya gane darajar wannan kyauta. Kaset dukiya ne a garinmu, kuma mai rakoda da pil shi ne sarkin dandali har pil ɗin su mutu.

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, muka shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu waƙoƙin Turawa ne da ba su ɗaɗa kowa da ƙasa ba. Da muka kai ga wani mai farar takarda da rubutun hannun yaro, na danna, sai rakoda ta ɓarke da wani irin ƙara mai tsinin gaske, kamar gyare dubu sun haɗu da ƙarfe ana goga shi a kan dutse. Yara suka watse. Kakana na wajen uwa, wanda yake kishingiɗe a gefe, ya ɗaga kai ya ce: “Kashe wanga abu, ɗan lakwal, kada ka kira muna abin da ba mu iya sallama.” Aka yi dariya, aka yanke hukunci cewa kaset ɗin ya lalace. Ni kuwa na riƙe shi, domin na san lalataccen kaset ma ana iya ɗaukar magana a kansa.

Ina aji na uku a kolej a Dogon Dutsi lokacin, kuma na ji labarin masu bincike da suke yawo da na'urar ɗaukar magana suna tattara tarihi daga bakin tsofaffi. Malaminmu ya gaya mana akwai cibiya a Yamai, CELHTO, wadda aka kafa tun 1968 don wannan aiki, ya kuma nuna mana littafin Marc-Henri Piault na 1970 a kan tarihin Arewa. Sai na ƙudurta ni ma zan zama mai bincike. Da hutu ya zagayo a 1990 na sayi pil huɗu, na zaunar da kakana a gindin bedi, na sa kaset ɗin nan, na roƙe shi ya ba ni labarin yaƙin da Sarauniya ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, yadda ya ji shi daga bakin iyayensa.

Ya ba ni, amma a gurguje, kamar mai biyan bashi. Ba a yi minti goma ba abokin darar tasa ya iso, suka share ƙasa, suka tona gurabu talatin, layi biyar na shida-shida, wannan ya ɗebi karare goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu. Tarihi ya tsaya nan. Sauran kaset ɗin, gaba da baya, dara ce kawai: yadda ake zuba ƴaƴa, dalilin da ya sa ba a jera uku tun wajen zubi, dalilin da ya sa jeri na huɗu ba ya ci, sunayen da suke kiran wasu tarkuna da su, da gatse da habaicin da tsofaffi biyu suke jifan juna da shi in ɗaya ya ci ɗan ɗaya. Na tashi da takaici. A ganina na ɓata pil a kan shirme. Na jefa kaset ɗin a akwati, kakana kuma ya rasu bayan shekara uku.

Sai a 2016, ina malamin makaranta mai furfura, na san abin da na shafe. An kira mu Yamai horon koyon na'ura mai ƙwaƙwalwa, na tafi da kaset ɗin da niyyar neman wanda zai juye mini muryar kakana. Mai horar da mu, dattijo ne da ya yi karatu a Faransa, ya karɓa ya duba takardar da ban taɓa kula da ita ba. An rubuta “Jeux MO5” a sama, sannan layi uku a ƙasa, na ƙarshen an ja masa layi an ƙara “pas fini”, wato ba a gama ba. Ya dube ni ya ce: “Malam, ka san wannan wasanni ne? Kukan da kuka ji, shi ne wasan.”

Ga yadda abin yake, don ƴan'uwana malamai da ba su taɓa cin karo da shi ba. Kwamfutocin gida na farko, irin su ZX Spectrum na Ingila da Commodore 64 na Amurka, waɗanda duka suka fito a 1982, da MO5 na kamfanin Thomson na Faransa da ya biyo baya a 1984, ba su da rumbun ajiya a cikinsu. Da an kashe wuta, duk abin da aka rubuta ya tafi. Hanya mafi araha ta adanawa ita ce kaset, irin wanda muke sauraren waƙa da wa'azi da shi. Na'urar tana mayar da lissafinta sauti, ta zuba a kan zaren. In ana son wasa sai a juyo sautin, a zauna a jira mintoci kafin hoto ya bayyana a talabijin. Har gidajen rediyo sun shiga ciki: a Holan da Yugoslabiya an riƙa watsa wannan kuka ta iska, masu saurare suna ɗauka a kaset suna sa wa na'urorinsu. Na kan yi tunanin abin da mutanen garinmu za su ce da Muryar Sahel ta taɓa yin haka da dare.

MO5 kuwa kayan makaranta ne. A 1985 gwamnatin Faransa, ƙarƙashin firaminista Laurent Fabius, ta ƙaddamar da shirin sa kwamfuta a makarantu, aka raba na'urori fiye da 120,000, da yawansu na Thomson. Na'urar tana zuwa da harshen BASIC a cikinta, saboda haka yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya zama ya ƙirƙiri nasa wasan. Akwai ma jaridar mako-mako, Hebdogiciel, da ta riƙa buga wasannin da masu karatu suka aiko daga 1983 zuwa 1987, wasu yaran su kwafe layi-layi da hannu. Ke nan abin da ya zo hannuna aikin ɗan gidan da yayana yake wa girki ne, kwafi ɗaya tak a duniya, kuma ni na bi ta kansa da muryar tsofaffi biyu suna musu a kan tsakuwa.

Tun daga ranar na shiga karanta labarin mutanen da suka ɗauki ceton irin waɗannan wasanni a matsayin aiki. Da farko abin ya ba ni dariya: manya da gemu suna bin kasuwannin gwanjo da ɗakunan ajiyar tarkace suna neman wasan yara. Da na ga girman asarar, dariyar ta ragu. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Na Commodore 64 kuwa, abin da ya rage a kasuwa bai kai kashi biyar ba. Kuma waɗannan su ne masu gata, waɗanda aka buga aka sayar. A Faransa doka ta 1992 ta wajabta a kai kwafin irin waɗannan ayyuka babban ɗakin karatu na ƙasa, kamar yadda ake kai littafi. Amma doka abin da ya fito take kamawa. Wanda bai fito ba fa?

Nan ne labarin ya fi taɓa ni. Wani Bature ɗan Ingila, Frank Gasking, tun 1999 yake bin sawun wasannin da aka fara ba a gama ba, ko aka gama kamfani ya karye kafin a kai su kasuwa. Shahararre a cikinsu shi ne wasan Daffy Duck na Commodore 64. An kammala shi a 1992, mujallu sun gwada sun yaba, yara sun tanadi kuɗinsu, sai kamfanin da zai fitar da shi ya durƙushe. Shekara da shekaru ana cigiya, ana tuntuɓar duk wanda ya taɓa sa hannu a aikin, har aka samu tsofaffin faya-fayan ɗaya daga cikinsu, aka harhaɗa abin da ke ciki, wasan ya fito a 2015, bayan shekara 23. Yaran da suka yi jiransa sun zama iyaye. Akwai kuma waɗanda ba su yi wannan sa'a ba, kamar Bandersnatch, wanda kamfanin Imagine na birnin Libaful ya cika duniya da tallarsa kafin ya rushe a 1984.

Abin da na koya daga waɗannan mutane bai tsaya ga haƙurinsu ba. Sun gane cewa ajiye kaset a cikin gilashi bai ceci wasa ba. Zaren yana tsufa, sinadarin da ke riƙe sautin yana kankarewa, na'urorin da ke karanta shi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Don haka sai su juye sautin zuwa kwamfutar zamani, sannan su rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar, yadda wasan zai ɗauka yana gidansu ne. Na Thomson akwai DCMOTO, aikin Daniel Coulom. Akwai kuma ƙungiya a Faransa da ta ɗauki sunan MO5 ɗin kansa, tana tara na'urori tana kai su baje koli, tana barin jama'a su taɓa su yi wasa. A wurinsu ba a ce an ceci wasa sai wani ya zauna ya buga shi, ya ci ko a ci shi.

Da wannan ido na koma na saurari kakana, sai kunya ta kama ni. Labarin Lugu da na je nema yana cikin littattafai, an yi fim a kansa, ana koyar da shi a aji. Abin da ba ya cikin kowane littafi da na taɓa riƙewa shi ne abin da na raina: yadda tsohon nan yake karanta gurabu kamar mai duba gona, da kalmomin da yake kiran dabarunsa da su, waɗanda rabinsu ban sake jin su a bakin kowa ba. Mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu muna da wannan hali. In aka ce a adana gado, sai mu nufi sarauta da yaƙi da kirari. Kokowa ta samu gata tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, kuma ta cancanta. Amma dara, wadda Zabarmawa suke kira dili, da langa, da ƴar carafke ta ƴan mata, da wasannin dandali da ba su da ko suna tsayayye, mun bar su a hannun sa'a, saboda muna ganin abin da yaro yake yi a cikin ƙasa ba ilimi ba ne. Ni da na je ceton tarihi na shafe aikin wani yaro, na kuma yi fushi da taskar da aka zuba mini a madadinsa. Dara ta ci gida.

Ba na cewa dara ta mutu. Har yanzu akan ga dattawa a kanta a inuwar kasuwa. Sai dai ranar da na tambayi ajina wa ya iya, hannu uku suka tashi, biyu daga ciki kuma ba su san ba a cin jeri na huɗu ba. Tun lokacin, duk ranar Laraba da yamma muna tona gurabu talatin a bayan aji. Na gayyaci wani tsoho da ya taɓa karawa da kakana. Ya zo ya ci ni sau biyar a gaban ɗalibaina, ya tafi yana cewa boko bai ƙara mini komai ba. Yaran da suka fi kowa riƙe salula su ne suka fi saurin kamawa, abin da ban zata ba.

Kaset ɗin kansa sai a 2019 aka juye shi. Zafin Arewa da ƙurar hunturu sun riga sun ci rabonsu, zaren yana mannewa, sai da muka juya shi a hankali da bik kafin mu yarda mu sa shi a rakoda. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Yamai ya haɗa waya, muka zauna muna kallon muryar kakana tana zama zane a fuskar kwamfuta. Kusa da ƙarshen gefe na biyu ana jin ladan daga nesa, kakana ya ce: “Tashi mu tai, gobe in rama,” sai ƙarar maɓalli, inda na kashe rakoda shekara 29 da suka wuce. Bayan nan kukan ya dawo. Daƙiƙa arba'in ne da ƴan kai, wutsiyar wasa na uku, wanda ba a gama ba. Kansa yana ƙarƙashin muryar tsofaffi, kuma ba tare da kai ba babu na'urar da za ta tashe shi.

Ɗalibin nawa ya kai hannu ya ce: “Mushe, bari in yanke wannan hayaniyar, ta ɓata ƙarshen.” Na riƙe hannunsa na ce ya bar ta yadda take. Muka yi kwafi uku: ɗaya a wurinsa, ɗaya a makaranta, ɗaya a akwatin da kaset ɗin ya kwana shekaru, tare da farar takardar mai rubutun hannun yaro.