Yini Guda a Bakin Tekun Badagiri

Mu tara ne muka fita daga makaranta ranar wata Asabar cikin watan Yuli, muka nufi Badagiri, garin nan na bakin teku da ke kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Binin. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a hoto. Daga garin nan ne Bature Kilafatin ya kama hanyar Sakkwato a 1825. Ga shi mu kuma mun biyo sawunsa ta baya.

Shi garin ba a kan tekun yake zaune ba. Akwai wani ruwa kwantacce da ya raba shi da tsibirin Gberefu, sai an shiga kwalekwale an haye, sannan a taka sayyada cikin rairayi da itatuwan kwakwa. Tun ba mu iso ba muke jin rugugi kamar na hadari. Da muka yi arba da shi kuwa, kowa ya yi tsit.

A cikinmu akwai wani mutumin Yawuri wanda ya tashi a bakin Kwara, ya iya iyo tamkar kifi, kuma tun a mota yake cika mana baki. Ya dubi raƙuman ruwa suna tasowa suna faɗuwa da ƙarfi, sai ya hangi wani ɗan tsakani inda ruwan ya yi duhu, ya kwanta lumui, babu kumfa. Ya ce nan ne wurin wanka. Mu ma, a gaskiya, haka muka gani, har da tafa masa.

Ashe kallon kitse muka yi wa rogo. Kafin mu ankara ruwan ya ɗauke shi ya yi ciki da shi. Muna ganinsa yana sara da hannu iyakar ƙarfinsa yana neman gaɓa, amma sai ƙara ƙanƙancewa yake yi. Wasunmu suka kama salati, wasu ihu, babu wanda ya iya tsoma ƙafa. Wasu masunta Egun da ke gyaran taru ne suka sheƙo. Ɗayansu ya faɗa ruwan, sauran suna yi wa namu nuni da hannu ya bi gefe, ya daina fuskantar tudu. Da ƙyar aka fito da shi, yana aman ruwan gishiri.

Bayan hankali ya komo, dattijon cikinsu ya zana mana abin a kan rairayi da yatsa. Duk ruwan da raƙuma suka tara a gaɓa dole ya koma, kuma ta wata siririyar hanya yake komawa da gudu. Wannan hanyar ita ce ke kama da wurin lafiya. Ba ƙasa take jan mutum ba, ciki take kai shi, gajiya ce ke kashewa. Wanda ta kama sai ya bar kokawa, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga cikinta. Ya ƙara da cewa da damina tekun ya fi fushi, sai hunturu yake ɗan lafawa. Mu kuwa a tsakiyar damina muka zo.

Da yamma muka sake hayewa cikin kwalekwale. Mutumin Yawuri ya zauna a tsakiya, ya riƙe katako da hannu biyu, bai ce uffan ba har muka sauka.