Ranar da Muka Sa Wuta da Azahar



Mu uku muka tashi a gidanmu da aikin gona, a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari, gefen hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Tambuwal. Kowace shekara idan bazara ta yi nisa sai a shiga sharar gona: a tone tushiyar gero da dawa, a sare sabara, a tattara ƙaya, a yi tsibi-tsibi a ƙona kafin ruwan farko.

Ƙa'idar sa wuta a garinmu ba a rubuce take ba, amma ko yaro ya santa. Ba a ƙona kara sai dabbobi sun gama kiwo a gonar, domin shanun Fulani suna cin kara suna barin taki. Ba a sa wuta sai da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da iska ta kwanta. Sai an share fili kewaye da tsibin, an sanar da maƙwabcin gona, kuma wanda ya kunna ba ya barin wurin sai ta mutu.

Duk mun san wannan, amma muka karya uku a rana guda. Mahaifinmu ya tafi kasuwa a Bodinga, ya ce mu tara shara mu jira shi. Mu kuwa hankalinmu yana kan ƙwallon da za a buga da yamma. Da azahar, rana na tsakiyar zafinta, muka ƙyasta ashana. Ba mu share kewaye ba, ba mu gaya wa kowa ba. Tsibi biyu sun ci lafiya. A na uku guguwa ta taso, ta ɗebi tartsatsi ta tsallaka iyaka da shi.

A gonar da ke maƙwabtaka da tamu akwai bishiyar da wani dattijo ya jibge harawarsa a kai tun kaka. Raguna biyu yake kiwo da ita, yana jiran Babbar Sallah ya sayar ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san darajar harawa a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji. Mun yi ta watsa ƙasa, muna bugu da rassan sabara, amma kafin mutane su iso ba abin da ya rage sai toka.

Da dare aka kira mu ƙofar mai gari. Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ranka shi daɗe, ɗiyana ne, amma ragunan nan ba su cin haƙuri." Mai gari ya juyo gare mu: "Wa yac ce ku sa wuta da azahar?" Ba wanda ya iya ɗaga kai. Aka ƙirga damman da suka ƙone, aka ce a biya dami da dami. Mahaifinmu ya kwashe tamu harawar duka ya bayar, ya cika da gero. Awakinmu suka ƙarasa bazarar nan a rame, mu kuma kullum da asuba muna yawon neman abin da za su ci. Bai doke mu ba. Ya bar mu muna kallon awakin.

Sai da muka girma muka ji cewa akwai dokar gwamnatin tarayya a kan wannan. A 2011 aka fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, waɗanda suka tanadi neman izini kafin a sa irin wannan wuta. Dokar tana da kyau, sai dai a daren nan ba wanda ya ambace ta. Abin da ya yi aiki shi ne kowa ya san gonar kowa, kuma wanda ya yi ɓarna zai haɗu da wanda ya yi wa ɓarnar a sahun sallar asuba. Inda wannan ƙa'ida take rauni shi ne idan mai wutar baƙo ne, kamar 'yan farautar da ke cinna wa daji wuta don gafiya su wuce. Nan kam ana bukatar hukuma.

Mun kuma gane cewa ko wuta ba ta tsallaka ba, akwai asara. Sinadarin naitirojin da ke cikin kara hayaƙi yake bi ya tafi. Toka tana barin ɗan amfani, amma ƙasar da aka bari tsirara iska ce ke kwashe ta. Ga shi kara abin danga ne, abin girki ne, abincin dabba ne. Duk da haka ba mu ce a daina ƙonawa gaba ɗaya ba, domin tsutsar da ke huda gero a cikin busasshen kara take kwana har damina ta dawo. Yanzu ƙaya da karan da tsutsa ta ci kawai muke ƙonawa, da sassafe, bayan mun leƙa maƙwabta. Sauran muna bar wa ƙasa da dabbobi.

Dattawan da suka riƙe waɗannan ƙa'idoji a ka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan a garinku akwai irinsu, a kan wuta ko rijiya ko burtali, ku zauna da su ku tambaya, ku rubuta yadda suka faɗa. Mu dai tamu sai da harawar wani ta ƙone muka riƙe ta.

Allah Ya kiyashe mu da gobara, Ya ba mu damina mai albarka.