Rikiɗa Daban, Hawa Daban

Ɗalibin da ya tashi a Adabraka ko Nima, inda hoton Mami Wata riƙe da maciji ba baƙon abu ba ne, yakan ɗauka 'yan bori rikiɗa suke yi su koma macizai. Harshen Hausa da kansa ya raba gardama. Rikiɗa sauya siffa ce, irin ta dodannin tatsuniya. A bori kuwa hawa ake cewa: iska ke hawan mutum, shi ya sa ake kiran namiji doki, mace goɗiya. Idan Danko ɗan Musa ya hau dokinsa, dokin yakan ja ciki kamar maciji, amma siffarsa ta ɗan Adam tana nan. Wanda ya gauraya kalmomin nan biyu ya mayar da maƙwabcinsa dodo.