Dokin Da Muka Gurgunta Da Ƙauna

Jama'a, yau na tuna da wani ingarma na kawuna a Jega. Saura mako 3 Babbar Sallah, kawu ya ce lallai dokinsa ya fi na kowa sheƙi ranar hawa. Aka buɗe masa buhun gero da dawa, safe da yamma, ga dusa, ga shi ɗaure a turke ba ya zuwa ko'ina. Ni ma na zuba masa, ina jin daɗin yadda yake dambara.

Wata safiya muka tarar da shi ya miƙe ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa kan na baya, kamar mai shirin zama. A ja shi, ya ƙi takawa. Da yake Aliero na kusa, kuma kowa ya san su da ɗori, sai aka ce a ɗauko mai ɗori. Dattijon ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har ƙasa, ya ce, "Alhaji, babu karaya a nan. Taɓa kofaton ka ji." Zafi rau, jijiyar da ke sama da shi tana bugawa da ƙarfi.

Likitan dabbobi ne ya ba cutar suna, laminaitis. A cikin kofato akwai wani siririn nama da ke riƙe ƙashin ƙafa da bangon kofaton. Idan hatsi ya yi wa doki yawa, sai ya yi tsami a hanjinsa, gubar ta bi jini, naman nan ya kumbura ya saki. In abin ya yi nisa ƙashin yakan juya ya doshi tafin ƙafa. Ɗanyar ciyawar farkon damina ma tana jawo cutar, musamman ga ƙuru mai ƙiba, haka goɗiyar da ta haihu mabiyiya ba ta fita duka ba.

Abin da likitan ya sa muka yi ba wani mai tsada ba ne. Aka janye hatsi gaba ɗaya, sai busasshiyar ciyawa. Aka zuba yashi mai laushi a bargar, aka riƙa tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, ya ba shi maganin ciwo, daga baya aka gyara yankan kofaton. Ya kuma hana a ja shi yawo wai don "ƙafa ta saki", abin da mu muka so yi tun farko.

Dokin bai yi hawan ba. Sai da ya kusan shekara kafin sabon kofato ya sauko, kuma bai sake sukuwa irin ta da ba.

Masu dawaki na Jega, Aliero da Maiyama, don Allah in za ku ƙara hatsi ku ƙara kaɗan-kaɗan, ku riƙa fita da dokin, ku kulle ɗakin ajiyar gero. Kowace safiya ku ɗora tafin hannu a kan kofato. In kun ji zafi, ku kira likita a ranar.