Ziyarar Hubbare Daga Gummi

Kafin a yanke jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, mutumin Gummi ko Anka ko Bukkuyum in ya ce za shi birni, Sakkwato yake nufi. Maza na zuwa don shari'a, ko fatauci, ko neman takarda a ofis. Tsofaffin matanmu kuwa abu ɗaya ke kai su, Hubbaren Shehu.

Tafiyar ta rani ce, bayan hatsi ya shiga rumbu. Tun da kaka ake tanadi: wannan ta ware tiyar gero, waccan ƙwaryar man shanu ko zuma, wata kuma zaren da ta kaɗa da hannunta. Babu mai zuwa hannu rabbana. Mai jagorantar ayarin ita ce jaji, tsohuwa mai malfa da jan ƙyalle naɗe a kai, wadda in ta yi magana ko maigari sai ya saurara. Ina yaro na ɗauka jajin unguwarmu ce ta ƙirƙiro wannan shiga. Ashe tsari ne da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa, na 'Yan Taru, inda take naɗa wa manyan mata malfa, ta koya masu karatu da waƙoƙinta, su koma ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu. Nana ta rasu a 1864, amma fiye da shekara ɗari bayan haka ga malfarta tana yawo a bakin gulbin Zamfara.

Kakata ce ta fara ɗaukata. "Taho mu tai, ɗan nan," ta ce, "ka riƙa mini buta." Muka hau bayan a-kori-kura, muka bi ta Kajiji, muka faɗa titin da ke zuwa daga Jega. Mata na rera waƙoƙin wa'azi, jaji na bayarwa suna amsawa, ƙura na shiga baki ba mai fasawa. Da muka kusa Bodinga wata ta nuna wajen Sifawa, ta ce nan Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A bakinsu na fara jin cewa ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, a Faru da Daura, tun kafin jihadi. Suna faɗin haka ne da alfahari, wai ai mu ma baƙonmu ne. Mutanen Anka da muka tarar a Sakkwato, 'yan garin Sarkin Zamfara, sun fi kowa riƙe wannan magana.

A Hubbare takalmi a waje yake tsayawa. Akwai almajirai da makafi a bakin ƙofa, da masu sayar da tazbaha da turare, da baƙi masu Fulatanci da Zabarmanci waɗanda suka tsallako daga Nijar. A yi sallama ga Shehu, a yi wa mamata addu'a, a miƙa sadaka. Matanmu sukan daɗe wajen dattijan mata na gidan, suna tambayar hukuncin takaba da gado da tsarki, abubuwan da kunya ba ta barinsu su tambayi liman a gida. Wannan ne nake ganin masu sukar ziyarar suka tsallake. Bayan kafuwar Izala a Jos a 1978, wa'azi ya yi zafi kan masu ɗiban ƙasar kabari suna ƙullewa a bakin zane, kuma lallai akwai masu yin haka, gyara ya wajaba. Sai dai a gidaje da yawa an hana tafiyar ce ɗungurungum, aka rufe wa mace makarantar da take da ita, ba a buɗe mata wata ba.

Masu ƙarfi kan zarce Wurno wajen kabarin Sarkin Musulmi Bello, ko su biya Gwandu wajen Malam Abdullahi. Mu dai kuɗinmu a Sakkwato yake ƙarewa.

Na girma na riƙa ganin fina-finan Indiya, inda tsofaffi ke ɗaure ƙunshi su nufi Banaras a bakin kogin Ganga. Aƙidarsu daban, tamu daban, babu haɗi. Amma tsohuwar da ta yi shekara tana tara kuɗin mota don tafiya ɗaya, wannan na san ta, a ɗakinta na kwana.

Yanzu hanya ce ta gagara. Gubar dalma ta 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a Bagega da Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu, sannan 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Anka da Bukkuyum. Ɗan da ke tsoron zuwa gonarsa ba zai sa uwarsa a mota zuwa Sakkwato ba, kuma ban ga laifinsa ba. Jajin unguwarmu ta rasu ba a naɗa wata ba. Har yanzu akwai tsofaffi a Gummi da Daki Takwas da suka haddace waƙoƙin da ake yi a hanya, suka san wace jaji ta karɓi malfa daga wace. Duk mai waya a aljihu zai iya zama gabansu ya naɗi muryarsu, kuma ni da gwaggona zan fara in Allah ya kai mu hutun sallah.