Gilashi Ba Ya Rufa wa Kowa Asiri

Yaran da ke koyon sa gilashin mota sukan ɗauka abin da zai fi ba su wuya shi ne ɗaga gilashi su aza shi bai fashe ba. Wannan aikin hannu ne, cikin 'yan watanni yake zama. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin mutumin da ya kawo motar. Na shiga sana'ar nan lokacin da Fijo 504 ta cika titunan Kano, bayan an fara haɗa ta a Kaduna a 1975. A wancan zamani da roba da igiya muke zaunar da gilashi: a zura igiya cikin bakin robar, mutum ɗaya yana dannawa daga waje, ɗaya yana ja daga ciki. Yau da gam ake liƙa shi a jikin bodi. Kayan aiki sun sake, amma ƙaryar da ake zuwa mana da ita tana nan yadda na same ta, sai dai ta ƙara dabara.

Kada a ɗauki alhakin mutane: mafi yawan masu kawo mota mutanen kirki ne, su biya, su yi godiya, har su turo maka 'yan'uwansu. Marasa gaskiya kaɗan ne, amma guda ɗaya yakan cinye ribar mako.

Wanda muka fi gani shi ne mai dawowa. Ka sa masa gilashi sabo fil, bayan kwana biyu sai ga shi yana huci, tsaga ta ratsa daga ƙasa har gaban direba. "Baba, wallahi ajiye motar na yi a gida, da safe na tarar da shi haka. Gilashinku ba shi da kyau." Ba na musu da shi, kuma na hana yarana ɗaga murya. Biro nake karɓa, in ɗora bakinsa a kan tsagar daga waje, in bi ta a hankali. Gilashin gaba falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa bai tarwatse ba, saɓanin na ƙofa da ke zubewa ƙanana-ƙanana. Idan dutse ne ya buge shi, dole ya bar ɗan rami a fallen waje, ko da ido bai gan shi ba. Bakin biro yana isa wurin sai ya faɗa ya tsaya. Sai in miƙa masa biron in ce, "Ɗana, bi da hannunka." Da ya ji ƙas ɗin nan a yatsunsa, yawanci sai murya ta sauka, daga nan kuma a tuna cewa jiya an bi bayan tifar tsakuwa a hanyar Zariya.

Biron nan ba mai mota kaɗai yake kamawa ba. Idan ya bi tsagar sumul har bakin gilashi babu rami, to daga gefe ta taso, kuma sau da yawa wannan aikin mai sawa ne: ko an bar tsatsa a bakin bodi, ko gilashin ya zauna a karkace, ko an ƙwarzane gefensa wajen ɗauka. Mai sana'ar da ya ga haka ya ce dutse ne, shi ma maƙaryaci ne, kuma ya fi mai motar laifi domin shi ya san abin da yake gani. Akwai kuma wadda ba laifin kowa ba sai rashin sani, kamar mota ta wuni cikin ranar bazara mai wanki ya kwara mata ruwan sanyi. Irin wannan ba a kiran mutum maƙaryaci. A yi masa bayani, a yi masa rangwame.

Cikin masu dawowar, wasu kan yi nisa fiye da haka. Mutum yana da bas biyu iri ɗaya, ka sa wa ɗaya gilashi, ya dawo maka da ɗayar mai tsohon fasasshe ya ce naka ne. Kowane gilashi yana da tambari a kusurwar ƙasa: sunan kamfani, ko Pilkington, ko Sekurit, ko Fuyao ɗan Chana, da lambobi, sau da yawa kuma da harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da ingancinsa, 1 ta Jamus, 2 ta Faransa, 6 ta Beljiyam. Da can a littafi nake kwafe tambarin tare da lambar mota. Yanzu yaro kan ɗauki hoto da waya kafin a taɓa komai, har da fenti da waifa da madubi, saboda masu cewa mu muka karce musu bodi.

Maganar kuɗi kuwa ba sai na ja ta ba. "Bari in je in dawo" ta tsufa, 'yarta ita ce alat na bogi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da kowa ya koma tiransifa, ake nuna mana waya a ce an tura. Abin da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, sai ka gani a asusunka. Gilashin da za a yo oda daga Legas ko a nemo a Ƙofar Ruwa, sai an ba da kafin alƙalami. Ciko kuma a rubuta, da rana da shaida. Wasu kan ji haushi, su ce, "Haba Alhaji, ni ne fa." Nakan tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a kan ɓarayi aka saukar da ita ba, a kan muminai ne. Rubutu yana kare mai mantuwa kamar yadda yake kama mai gangan.

Duk waɗannan aljihunka kawai suke taɓawa. Wanda nake jiye wa yarana tsoronsa shi ne wanda ba ya nufin cutar ka, so yake ku cuci wani tare. Shi da fara'a yake zuwa. Direban wani ofis ko na wani attajiri ya ja ka gefe: "Baba, ka sa ɗan Chana, amma a rasit ka rubuta na kamfani, sauran mu raba." Ba ya jin ya yi wani abu, a wajensa na goro ne. Na san albashin direbobi ba ya kai su ko'ina, kuma ba na raina damuwarsu. Amma sunanka ne a kan rasit ɗin, ba nasa ba. Ran da maigidan ya kai motar wani gareji aka karanta masa tambari, direba zai rantse cewa shi ma cutarsa aka yi. Abin da nake iya yi shi ne in ce masa, "Idan oga ya yarda da la'ada, kira shi yanzu in ji daga bakinsa, in ba ka a fili." Kaɗan ne ke kira.

Dillalin mota shi ma kan zo ya ce a shafe masa tsaga don mai saye kada ya gani. Ɗan ramin dutse da bai yaɗu ba ana cika shi da ruwan gyara mai daskarewa, ya riƙe, wannan gyara ne na gaskiya. Doguwar tsagar da ta kai gefe kuwa ba ta gyaruwa, ɓoye ta kawai ake yi har ciniki ya faɗa. Haka mai zuwa da gilashi a bayan Keke da daddare, babu rasit, da sauran gam a gefensa alamar yanzu aka yanko shi, yana neman rabin kuɗi. Kayan Beljiyam na halas, wato tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga waje, an san hanyar da suke biyowa, an san masu sayar da su. Wanda ya sayi irin na bayan Keken nan, shi ya ɗauki nauyin ɓarawon da zai yanke gilashin maƙwabcinsa gobe.

Mafi muni a wurina shi ne mai motar haya da ke son a liƙa da kowane irin gam mai araha, ya ɗebi fasinja nan take. Mutane suna ganin gilashin gaba kariyar iska da ƙura ne kawai. A motocin yanzu yana cikin abin da ke tallafe rufi idan mota ta kife, kuma jakar iskar da ke gaban fasinja a jikinsa take dogara idan ta buɗe. Gam ɗin da aka yi don wannan aiki da laimar iska yake bushewa, saboda haka a hunturu, da iska ta bushe ƙarau, ya fi ɗaukar lokaci. Wani gam sa'a guda ta ishe shi, wani sai ya kwana. Mai mota zai ce, "Malam, motata ce, ni na yarda." Shi ya yarda, amma matar da za ta zauna a gaba da jariri a cinya daga Kano zuwa Katsina ba a tambaye ta ba. 'Yan Hukumar Kiyaye Haɗurra sukan tare mai fasasshen gilashi a hanya domin ana ganinsa, amma babu mai iya ganin gam ɗin da bai kama ba. Daga mai sawa sai Allah.

Ƙin irin wannan aiki yana da tsada. Akwai direbobin da suka daina zuwa wurina, suka kuma hana abokansu, akwai ranakun da rumfata take shiru ta kusa da ni tana cike. Yaron da ke da kuɗin haya a wuyansa yakan ji zafin haka fiye da ni, shi ya sa ba na barin sa shi kaɗai da mai irin wannan tayi. Ni nake fitowa in faɗi a'a, cikin mutunci, ba tare da na tara wa mutum jama'a ba. Idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mu tafi wajen shugabannin kasuwa da littafi da hotuna, a kira wani tsohon hannu da ba ruwansa da mu biyun ya duba tsagar, abin da ya yanke kowa ya ɗauka.